Fuskar da ke Ƙarƙashin Fenti

A mazaɓar nan, in kana so ka san wanda ke kan kujerar majalisar jiha, ba sai ka tambayi kowa ba. Ka je mararraba, inda hanyar tudu ta haɗu da ta gangare, ka ɗaga kai ka dubi bangon tsohon sito. Duk fuskar da ka gani a jiki, to mai ita ne ke ci, ko kuma shi ya fi yawan 'yan banga a wannan makon. Haka aka saba tun da aka yanka mazaɓar. Ba a goge wanda ya faɗi, shafe shi ake yi a zana sabo a kansa.

Mai-fenti ne ke wannan aiki, ya gaje shi daga marigayi maigidansa, kuma ya san abin da ke cikin bangon kamar yunwar cikinsa. A can ƙasa akwai Hedimasta, ɗan gangare, wanda ya fara cin kujerar. Ana saura kwanaki a rantsar da shi aka sare shi a bakin kwalbati, aka cinna wa gidansa wuta. A zaɓen cike gurbi Ɗan Kwangila na tudu ya ci ba hamayya, don duk mai hankali ya ga abin da aka kwashe a kwalbati. Sai sojoji suka karɓi mulki, aka shafe bangon da fari, aka rubuta kada a yi fitsari a nan. Da siyasa ta dawo Likitan Dabbobi na gangare ya ci, kotu ta tsige shi, amma kafin alƙali ya gama karanta hukunci rabin kasuwa ya zama toka. Bayansa Mai Gidan Mai ta hau, mace tilo da ta taɓa hawa, da ƙuri'un akwatunan da aka tsamo daga rafi suna ɗigar ruwa. Daga ita sai Honarabul, ɗan tudu, wanda ya yi ta sauya sheƙa har Mai-fenti ya gaji da canza masa launin hula.

Hedimasta kuwa shi ne uban Mai-fenti. Kowa ya san haka, kowa kuma ya iya yin shiru. Mai-fenti na goye Inna, mahaifiyarsa, ta fito da shi daga cikin wutar, daga ita sai zanen jikinta, ko hoto ɗaya bai tsira ba. Ya girma bai san kamannin ubansa ba, ga shi kuma duk zaɓe shi ke hawa tsani ya ƙara masa wani mutum a ka. In 'yan gangare suka yi masa gori sai ya ce burushi ba shi da jam'iyya, ya wuce. Yana jin zafin maganar, ba wai ba ya ji ba, amma yana da uwa tsohuwa da mata da 'ya'ya, su kuma ba gori suke ci ba.

Ana cikin makon zaɓe Kwalba ya same shi da safe a shagonsa. Kwalba shi ne shugaban 'yan bangar Honarabul, kuma ba don yana sayar da lemo ake kiransa haka ba.

"Mai-fenti, oga zai wuce ta mararraba bayan la'asar da tawagarsa," in ji shi, yana jingine da ƙofa. "Hoton nan da ka yi masa ya fara kuturta, hancin ma ɓarewa yake. Ka sabunta shi yau. Ka ƙara masa haske, ka rage masa tumbi."

"Tumbin ai na Allah ne."

"To ka rage na Allah ɗin. Ni dai kada in zo in ga abin da zai ɓata wa oga rai."

Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mai-fenti ya ɗora tsani da bokitai a kura ya nufi mararraba.

Da wani ne, da ya lafta sabon fenti a kan tsohon ya karkaɗe hannunsa, Honarabul ya wuce ya ga kansa yana sheƙi, in ya so bayan zaɓe bango ya zube. Amma Mai-fenti ya ƙwanƙwasa bangon da yatsa ya ji yana amsawa kamar ba komai a bayansa. Ruwan damina ya shiga ta sama, fentin ya kumbura ya rabu da siminti. Abu na farko da maigidansa ya koya masa, da ranƙwashi ma ya koya masa shi, shi ne ba a shafa fenti a kan ɓawo. Don haka ya hau tsani, ya cusa ƙarfen kankare fenti ta kusurwar sama, da nufin ya ɗauke abin da ya kumbura kawai.

Bai san duk fuskokin nan sun manne da juna sun zama fata guda ba. Yana ɗan ja sai ya ji ta biyo hannunsa. Ta yage tun daga sama har ƙasa kamar fatar da mahauci ya feɗe, ta zube a gindin tsani, Honarabul da Mai Gidan Mai da Likitan Dabbobi da gargaɗin fitsari da Ɗan Kwangila duk a dunƙule. Saura ɗaya. Na can ƙasa, maigidansa ne ya yi shi da fentin mai a kan sabon siminti, ya kama ya zauna, ko gezau bai yi ba.

Mai-fenti ya sauko ya ja baya. Wani mutum ne mai faɗin goshi, da wushirya, da biro a aljihun gaba, yana murmushi kamar wanda aka gaya wa labari mai daɗi. Bai ma kai Mai-fenti shekaru ba. Goshin nan shi yake gani kullum a madubin wanzami. Tsoro ya kama shi, tare da wani daɗi mai ciwo da bai taɓa jin irinsa ba. Bokitin farin fenti na nan kusa da ƙafarsa, rola na ciki, kuma ya san abin da ya kamata ya yi nan take. Sai ya tsaya yana kallon ubansa.

Tsayuwar nan ita ta jawo komai. Tsoho mai faci da ke tsallaken titi ya ɗago kai daga tayar da yake dubawa, ya yi salati ya ce, "Wannan ai Hedimasta ne." Kafin ka ce kwabo magana ta gangara. Mata suka bar tallarsu, masu babura suka tsaya, mutane suka yi cincirindo suna nuni da yatsa. Can sai taron ya dare, ga Inna tafe, hannunta da kumfar wanki, takalmi a ƙafa ɗaya.

Ba ta dubi kowa ba. Ta taka ɓawon fentin da ya zube, ta je gindin bangon ta ɗora tafin hannunta a kan aljihun mai biro, iyakar inda tsawonta ya kai ke nan. Sannan ta zauna a ƙasa ta ɗaga kai.

Mai-fenti ya durƙusa kusa da ita. "Inna, don Allah ki tashi mu tafi. Yanzu yaran Honarabul za su zo."

"Su zo mana. Ai ba yau suka fara zuwa ba."

"Inna, ba wasa suke ba. Ki bari in kai ki gida."

"Kai, yi mini shiru. Ka ga tabon nan a girarsa? Ƙofar aji ce ta buge shi. Wallahi na manta da shi. Mace ta manta girar mijinta." Ta goge ido da gefen mayafi. "Ba inda za ni. Na gaji da ganinsa a mafarki ba fuska."

Ya san halinta. In ta ce ba inda za ta, ko da igiya ba ka jan ta. Tun daga wannan lokacin abu ɗaya ne a ransa, yadda zai fitar da tsohuwar nan daga mararraba da ranta.

Sai ga samarin gangare sun hauro da gorori da sanduna, taubashinsa Janareto a gaba. Ɗan kawunsa ne, ana kiransa haka don in ya fara magana ba a jin ta kowa, kuma shi ne mai tara wa Lauya jama'a, ɗan takarar da ke neman kayar da Honarabul.

"Allah ya tona asiri da kansa," in ji Janareto, yana ɗaga gora sama. "Ga ubanmu ya fito. Duk wanda ya taɓa bangon nan sai ya taka gawarmu. Goggo, yi zamanki, mu ne garkuwarki."

"Kai, kada ka sa uwata a tsakiyar rigimarku," in ji Mai-fenti.

"Ji bawana yana magana. Kai da ka shekara da shekaru kana binne shi, yau ka san uwa?"

Cikin samarin nan ko ɗaya ba a haife shi ba tukuna lokacin da aka sare Hedimasta. Babu wanda ya taɓa kai wa Inna ko mudun hatsi, ko ya gyara mata rufin da ke yoyo. Amma yau da ya zama hoto mai kawo ƙuri'a, kowa ɗansa ne. Suka kwaso tayoyin mai faci ba tare da sun tambaye shi ba, suka jera a titi suka cinna musu wuta.

Motar Kwalba ta zo ta hanyar tudu, ta ci burki a gaban hayaƙin. Nan take aka fara jifa. Dutse na farko ya tarwatsa gilashin gaba, direban ya fito riƙe da fuska jini na bin yatsunsa. 'Yan tudu suka zubo ta ƙofa da ta tagogi da adduna da kwalabe, aka haɗu a tsakiyar kwalta. Mata suka watse suna ihu, farantan talla na birgima. Wani saurayi ya ɗaga hannu ya kare kansa, adda ta sauka a kai, ya tsaya yana kallon yatsunsa biyu a ƙasa kamar ba nasa ba. Wani ya faɗi, mutum huɗu suka rufe shi da gorori har ya daina motsi. Tsoho mai faci ya fito yana roƙon a bari don Allah, aka fasa masa baki da ƙarfen da yake cire taya da shi. Motar 'yan sanda ta leƙo daga kwana, ta ga abin da ake yi, ta juya a hankali ta koma inda ta fito.

Mai-fenti ya rufe Inna da jikinsa. Duwatsu na sauka a bayansa, ɗaya ya same shi a ƙeya har ya ga wuta. Ita kuwa ta leƙa ta ƙarƙashin hammatarsa tana ci gaba da kallon bango. A nan ya gane cewa muddin fuskar nan na waje, ba mai barin wurin, kuma Inna ba za ta tashi ba. In ya rufe fuskar, faɗan ya rasa abin da zai ci, tsohuwa ta tsine masa in ta ga dama, amma ta tsine masa a gida.

Ya miƙe ya gyara tsani, ya tsoma rola a farin fenti ya hau. Daga sama ya fara, yadda ake yi. Ya shafe hular, ya sauko kan goshin.

"Maci amana!" Muryar Janareto ce, ta fi ƙarfin duk ihun da ake yi. "Ubanka za ka sake binnewa?"

Bai ma juyo ba gorar ta sauka a wuyan hannunsa na dama. Ya ji ƙarar ƙashin kafin ya ji zafin. Rola ta faɗi, shi ma ya biyo ta, tsani ya kwanta a kansa. Janareto ya ɗaga gora zai ƙara, sai ga wata mota ta biyu daga tudu, cike maƙil. Da 'yan gangare suka ga haka sai kowa ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Janareto ya sha sara a kafaɗa, ya yar da gorar ya bi sahu, rigarsa ta rine. Garkuwar Goggo ke nan, ta gangara a guje ta bar ta a zaune.

Mararraba ta koma hannun 'yan tudu. Kwalba ya taho yana ɗingishi, girarsa a fashe. An kwantar da ƙanensa a bayan mota, ciki a farke, ana danna masa riga a kan raunin, kuma duk wanda ya dubi idon Kwalba ya san ba shi da sauran hankali. Ya sa ƙafa ya ture tsanin, ya taka karyayyen hannun. Mai-fenti ya yi ƙara.

"Na ce ka gyara oga, ka tono mana gawa. Da gangan ka yi."

"Wallahi kuskure ne. Bangon ne ya kumbura. Ka duba, ai rufewa nake yi, su suka karya ni."

"Ƙanena na can yana mutuwa, kana gaya mini bango ya kumbura."

Suka rufe shi da duka. Ƙafa a haƙarƙari, ƙafa a baki, gindin adda a gadon baya. Yana jin haƙorinsa ya fita, ya tofar da shi. Suka ja shi zuwa gindin bango suka jingina shi a ƙarƙashin hoton, wani ya kawo tayar da ba ta kama wuta ba ya rataya masa a wuya, wani ya zo da jarkar fetur daga mota. Sanyin fetur ɗin ya bi kansa ya shiga idonsa da raunukansa.

"Wuta ta shafe ku tare, kai da uban naka," in ji Kwalba, yana lalube aljihu. Ya dubi Inna, wadda ke zaune kusa da ɗanta har fetur ya jiƙa mata gefen zane. "Tsohuwa, tashi ki ba mu wuri, ko ki bi mijinki."

"Ku bar ta ta tafi," in ji Mai-fenti, bakinsa cike da jini. "Inna, don girman Allah ki tashi. Ni na jawo, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ki tafi kawai."

Inna ta dube shi. Tun da ta zo mararraba, sai yanzu ta sauke ido daga bangon ta dubi ɗanta sosai. Ta dafa ƙasa ta miƙe, gwiwoyinta na ƙara. Mai-fenti ya yi ajiyar zuciya, yana zaton tafiya za ta yi. Sai ta sunkuya ta ɗauki rolar daga cikin ƙasa, ta karkaɗe ta, ta tsoma a bokiti.

Ta fara daga aljihun mai biro. Ba ta taɓa riƙe rola ba, fenti na zuba a hannunta yana bin gwiwar hannu har cikin riga. Ta shafe ƙirjin, ta shafe wuyan, ta yi ɗage ta kai haɓa. Daga nan tsawonta ya ƙare. Ta juyo ta dubi Kwalba, wanda ke tsaye da ashana a hannu.

"Kai, ɗan nan, tayar mini da tsanin nan ka riƙe."

Ba wanda ya yi dariya. Kwalba ya dubi yaransa, ya dubi tsohuwar da ta haifi kamar uwarsa tana jiransa da rola a hannu. Ya sa ashanar a baki, ya ɗaga tsanin ya jingina, ya riƙe ƙafafunsa da hannu biyu.

Ta hau a hankali, tana ɗora ƙafa mai takalmi sannan ta jawo marar takalmin. Mai-fenti na ƙasa, taya a wuya, yana kallo ta idon da bai kumbura ba. Ya ga wushiryar ta tafi. Ya ga hancin ya tafi. Ya buɗe idon da ƙarfi duk da zafin fetur, yana haddace abin da ya saura kafin a rufe. Da ta kai girar mai tabo sai ta tsaya. Ta sa yatsa ta shafa wurin, ta faɗi wata magana da ba wanda ya ji, sannan ta danna rola ta bi ta kan idanun biyu, ta sake bi, har ba a ganin komai sai fari mai ɗiga.

Ta sauko ta jefa rolar a gaban Kwalba. "Ga bangonku nan. Ku zana duk wanda kuka ga dama."

Da hannunta ta cire tayar daga wuyan ɗanta. Ta yi mata nauyi, sai da ta yi nishi, ba kuwa wanda ya taya ta, ba kuma wanda ya hana ta. Wani daga bayan mota ya ƙwala wa Kwalba kira cewa yaron ya daina numfashi. Kwalba ya saki tsanin ya ruga, sauran suka bi shi.

Inna ta ɗaure wa Mai-fenti hannu da mayafinta, ta sa kafaɗarta a ƙarƙashin hammatarsa. Suka bi ta tsakanin duwatsu da takalman da aka zubar da mutum biyu da ke kwance ba mai ɗauka. Sun fara gangara ke nan suka ji jiniya a bayansu. Tawagar Honarabul ce, ta ratsa hayaƙin mararraba a guje, gilasai a rufe, ba motar da ta ko rage gudu.

Sai da suka wuce kwalbati ya iya magana. "Inna, ki yafe mini."

"Me ka yi? Taka a hankali, akwai rami." Suka ɗan ƙara tafiya. "Ka dai dube shi sosai ko?"

"Na dube shi."

"Har tabon?"

"Har tabon."

"To alhamdu lillahi. In hannun ya warke sai ka zana mini shi a kwali, ɗan ƙarami, in ajiye a ɗaki inda ba mai gani. Ni kaina ba ya riƙe abu yanzu, ka ga har na fara mantawa."

Mai-fenti ya dubi hannun da ke rataye cikin mayafin. Ƙashi ya huda fata, yatsun sun yi fari. Ya gwada motsa babban yatsa da manuni, waɗanda ke riƙe burushi, ya sake gwadawa. Ko ɗaya bai amsa ba, bai ma ji suna jikinsa ba.

"To, Inna," in ji shi.